Injin Ban-ruwa Ɗaya, Hoto Biyu

Jama'a, yau sau biyu aka ba ni injin ban-ruwa, kuma ga ni a gida hannu rabbana!

Da safe aka tara mu manoman fadama a Katuzu. Wani Honarabul ya miƙa min jan inji mai lanƙwasasshiyar ƙafa. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Na sunkuya zan ɗauka, sai sakatarensa ya riƙe min hannu.

"Baba, sai an yi masa rajista tukuna."

Suka mayar da shi bayan mota.

Bayan azahar na je Karasuwa ta'aziyya. Sai ga rumfa, ga motar nan! Sakataren bai gane ni ba.

"Baba, kai manomi ne? Zo ka tsaya nan."

Honarabul ya sake miƙa min. Ƙafar nan dai a lanƙwashe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai mun gaisa da injin nan da safe."

Ya ce, "Madalla. Kalli mai hoto."

Yanzu sun nufi Nguru da shi. Albasata kwana uku ba ruwa. Duk wanda aka miƙa wa a can, don Allah ya rungume ya ruga.