Magaryar Malam da Mai Taga Huɗu

Ni ban san baƙi ba, 'yata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Na ce mata ko ta ga ina kuka kada ta ajiye biro.

Daga Yalwa ta Rano aka kawo ni Kahu ina amarya, na tarar da magarya a bayan gidanmu, a bakin gayauna. Mijina, Malam, Allah Ya jiƙansa, a gindinta yake hutawa. Kowace damina wasu manyan tsutsotsi kan hau ta, masu kaurin babban yatsa, farare-farare da ɗan kore, jikinsu duk ƙuraje masu launi. In sun ƙoshi sai kowace ta saƙa wa kanta gida na zare mai tauri, ta rataye shi a reshe. Malam ya kan ciro gidajen ya rataye a zaure. Shi ya nuna min abin da ke fitowa daga ciki: wani faɗa-wuta mai faɗin tafin hannu, ja-ja mai duhu da farin layi, kowane fiffike da taga wadda ake hango haske ta cikinta. Mu biyu muke kiransa mai taga huɗu.

Malam ya rasu da bazara. Da ganyen magaryar nan aka yi masa wanka. Har yau in na murza ganyen a hannuna sai hawaye.

Ina cikin takaba ruwa ya sauka, kuma a shekarar ne tsutsa ta fara shiga masara, tana cinye zuciyarta. Mutane suka ruɗe. Sai ƙanen Malam, wanda gonarsa ke haɗe da gayaunarmu, ya ɗaga kai ya ga magarya cike da tsutsotsi, rabin ganyenta babu. Ya shigo gida da gatari a kafaɗa.

"Matar Yaya, na gano uwar ɓarnar. A bishiyarki suke haihuwa. Yau zan sare ta in cinna mata wuta."

Na ce, "Kai da ba ka bambanta tunkiya da akuya sai ta yi kuka? Ajiye gatarin nan."

"Wasa daban, masara daban. Har mutanen garin Tarai sun ji labari."

Ba ni da ikon fita, sai na aika a roƙi mai unguwa ya zo zaure. Ya zo da dattawa uku, na tsaya daga bayan ƙofa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina ganin tsutsar nan, ba ta taɓa sauka kan hatsi ba. A ba ni Juma'a biyu. In ƙarya nake, ni zan miƙa masa gatarin."

Mai unguwa ya ce, "Iya, mun ba ki. Amma da ido za mu gani."

Na sa aka kawo min tsutsar masara, 'yar ƙarama ce, ruwan ƙasa, da layi a gadon baya. Na zuba su a tsohuwar tukunya da ƙasa da ganyen masara, na rufe da rariya. Na ciro manya uku daga magarya na sa a ƙwarya, ban ba su komai ba sai ganyen masara. Kullum da hantsi ƙanen Malam ya leƙo. Ganye ya yi yaushi, ko ɓula ɗaya babu. Rana ta uku ɗaya ta mutu da yunwa. Na yi mata kuka, na mayar da biyun kan reshe, suka kama ci nan take.

Ƙanen Malam bai yarda ba. Ya ce, "To in ta yi fiffike fa? Ita ce ke zuwa ta yi ƙwai a masara."

Sauran abin da nake da shi gidaje biyar ne da Malam ya rataye a zaure da hannunsa, bara. Na girgiza su a kunnena. Uku fayau, biyu da nauyi. Na riƙa yayyafa musu ruwa kamar yadda Malam yake yi, don abin da ke ciki ya fito. Juma'a ta farko ta wuce shiru. Na daina cin abinci sosai.

Ranar Laraba na buɗe tukunya, sai ga ƙananan faɗa-wuta masu launin toka, ba su kai ƙumba biyu ba. Tsutsar masara ta shiga ƙasa ta fito da nata iyayen. Amma zaure shiru.

Ranar Juma'a ta biyu, bayan an sauko daga masallaci, mai unguwa da dattawa da ƙanen Malam suka taru a zaure, gatari jingine da bango. Na fito da tukunya ke nan sai wani dattijo ya ce, "Subhanallahi, mene ne wancan?"

Mai taga huɗu ne ya fito, yana manne da gidansa, fiffikensa ya gama bushewa, yana buɗe su a hankali. Na manta da bayan ƙofa, na sa yatsa ya hau. Na ɗaga shi saitin haske, kowa ya hango rana ta tagoginsa. Na ce, "Ku dubi gashin kansa kamar gashin tsuntsu, namiji ne, na macen siriri ne. Ku dubi bakinsa. Babu. Ba ya cin komai, kwanakinsa kaɗan ne, macen kuma a magarya take ƙwai." Sannan na ɗage rariya na nuna musu 'yan tokar. "Ga ɓarayinku."

Mai unguwa ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce wa ƙanen Malam, "Ɗauki gatarinka, matar yayanka ta ka da kai."

Ya sosa ƙeya ya ce, "Matar Yaya, ashe kin yi karatu a ɓoye."

Na ce, "A wurin yayanka na yi."

Magarya ta sake ganye kafin kaka. Na gaya wa 'yata, in tawa ta zo, daga ita za a tsinko.