Na Ji Na Tara, Umair

Allah ne Ya ba mu aronka, Shi ne kuma Ya karɓi abinSa. Ranar Laraba, 7 ga Mayu, 2025, bayan la'asar, labari ya iso mana a unguwar Gwadabawa, nan Jimeta, cewa Umair Bobboyi ya rasu a hatsarin mota a hanyar Ngurore. Shekarunsa talatin da ɗaya. Ya je kasuwa naɗar kukan shanu da hayaniyar masu ciniki ne, kamar yadda ya saba. Ni Hamman, maigidan da Umair ya zauna a gidansa shekara goma, ni nake wannan rubutu, don akwai maganar da ban gaya masa ba.

Umair, ka zo mana a ƙarshen 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga. Kai da mahaifiyarka Umma kuka taka da ƙafa kwana uku. Kowa ya tsira da abin da ya fi so: wani tukunya, wani takardun makaranta. Kai kuwa kwamfuta ka rungumo, fuskarta a tsage. Matata Hafsah ta buɗe muku ɗakin baya tun kafin ta tambaye ni, na kuma yi kamar shawarata ce.

A ɗakin nan ka kafa sutudiyo. Ka manna kwalayen ƙwai a bango, ka ce suna tsare sauti. Ba su tsare komai ba, ina shaida. Sana'arka haɗa kiɗan hip-hop, irin wanda samari ke zuba gambara a kai. Amma ba ka cika son ganga ba. Sai ka ɗauki makirufo ka bi gari: filafilin masu kwalekwale a bakin Binuwai, keken tela, gudumar maƙera. Har tsohuwar fankata ka naɗa. Na ce da ka gyara ta da ya fi.

Alherinka bai da hayaniya. Da ciwon Hafsah ya yi tsanani, kai ne mai kai ta asibiti, kai ne mai bin layin magani. Ranar da muka binne ta, a 2019, ka rufe sutudiyo kwana arba'in ba wanda ya roƙe ka. 'Yan gudun hijira da yawa sun naɗi waƙa a wurinka kyauta. Abokinka Hosea, mai kaɗa piyano a cocinsu a Karewa, ya ce lasifikar cocin ta fi sanin hannunka da nasa.

A 2021 ka fitar da faifanka, Bayan Katanga. Kiɗa goma sha biyu, babu mawaƙi ko ɗaya. Jimeta ta rasa yadda za ta yi da shi. Wani gidan rediyo ya maido maka, wai ka manta ba ka sa waƙar ba. An sa shi a wani biki, mata suka tsaya a fili suna jiran mawaƙi ya shigo, har kiɗan ya ƙare suna jira. Daga baya masu keke-napep suka karɓe shi, ɗalibai suka riƙa karatu da shi, har wasu daga Legas suka yi ta kiran wayarka. Ka ji daɗi, amma ba sosai ba. Akwai mutum ɗaya da kake so ya saurara.

Ka kawo mini shi a memori, ka durƙusa, ka ce, "Bappa, ko ba ka ji sauran ba, ka ji na tara."

Ni da aka raina da tatsuniya a gindin kakata, na ce maka kiɗa ba magana kamar a ce "ga ta nan" ne a yi shiru. Na jefa memorin cikin gwangwanin maɓallai. Duk Sallah idan ka zo gaisuwa sai ka tambaya, ni kuma in ce ranar da ka sa magana zan ji. Sai ka yi murmushi ka ce to. Na ɗauka wasa muke yi, na kuma ɗauka ni ne zan riga ka tafiya.

Ranar sadakar uku, da jama'a suka watse, Hosea ya zauna kusa da ni a zaure. Ya tambaye ni ko na taɓa jin na taran. Na ce a'a. Sai ya kunna shi a wayarsa.

Turmi ne. Bugu uku, a cilla taɓarya sama, tafi biyu, a cafe. Duk unguwar nan mace ɗaya ce ke lugude haka, domin sauran tafi ɗaya suke yi. Ashe wata safiya, tun Hafsah tana da lafiya, ka ɗora makirufo a kan katanga tana dakan fura. Ka gina kiɗan gaba ɗaya a kan hannunta. A can ƙarshe komai ya yi shiru, sai ɗan tarin nan da take yi idan ta gama aiki. Sunan kiɗan Goggo, yadda kake kiran ta.

Shekara shida ina neman abin da zai tuna mini da motsinta a gidan nan. Huɗu daga ciki yana cikin gwangwanin maɓallai, kai kuma kana bayan katanga kana jira in ce na ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya saka maka da Aljanna saboda tsohuwar da ka yi wa hidima. Ina miƙa ta'aziyya ga Umma, wadda ta tsirar da kai daga Mubi ta zo ta rasa ka a nan, da matarka Sabuwa, da dangi, da Hosea da sauran abokan aikinka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Na ji na tara, Umair. Akwai magana a ciki. Ka yafe wa Bappa.