Gyaren Gindin Gawo

Ƙarfe shida da kwata na yamma, ranar Laraba, mu uku ne a gonarmu ta bakin hanyar Tsanyawa: ni, da yayana, da matarsa riƙe da ƙwarya. Shekara ta biyu ke nan gero bai yi ba. Inna tana gida a kwance, kwana uku ba ta haɗiyar komai sai kunun dusa, ta ce gasasshen gyare ranta yake so. Fartanya ɗaya gare mu, kuma ƙarfin da ya rage mana bai wuce na tona rami biyu ba.

Ni na san kukan gyare, don na daɗe ina kasa kunne. Namiji ne kaɗai ke kuka, mace yake kira. Ƙarami kukansa siriri ne, yana soke kunne. Babba muryarsa kauri gare ta, ba ta yankewa, kuma raminsa mata suke nufa. Ka tona ɗaya ka samu biyu. Tsoho kuwa fiffikensa ya cinye, sai ya yi kuka ya tsaya, ya sake ɗauka, ba macen da ke kula shi.

Na jera wa Yaya wannan bi da bi, na nuna masa gindin gawo inda mai kaurin muryar yake. Ya ce tun ban iya ɗaura wando ba yake tonon gyare, wanda ya fi cika kunne shi ne babba. Matarsa ta ce mu bar gardama, rana tana faɗuwa.

Rami na farko, zaɓinsa, muka fito da ɗan mitsitsi. Na biyu ma shi ya zaɓa, mai yankewar kuka, wai ƙiba ce ta sa yake hutawa. Muka tona kamu ɗaya da rabi, muka tarar da tsoho, ramamme, shi kaɗai.

"Yaya, a ba ni fartanyar."

"Ba ka jin kiran salla? Gobe ma rana ce."

Washegari maƙwabta sun riga mu gindin gawon, sai tulin ƙasa muka gani. Biyun nan kuwa loma ɗaya Inna ta yi musu, ta ce ta ƙoshi. Na san don mu ta faɗa.

Har yau in gyare ya yi kuka raina sai ya ɓaci. Mai karatu, abu ɗaya nake roƙonka: in ƙaninka ya ce ya san abu, ka miƙa masa fartanyar, ko na rami ɗaya ne.