Gaurakan Malam Bature

Duk wanda ya taɓa zama kusa da Malam Bature a kasuwar Jega ya sha labarin tafkin garinsu, Sabiyal, ko yana so ko ba ya so. A bakin tafkin ya girma yana kiwon awaki, har ya iya kukan gauraka, tsuntsun nan mai tukku, ya kira su amsa. Shekara bakwai ke nan da gwiwa ta raba shi da fadama. Ya bar wa 'ya'yansa noman albasa, ya koma dillancinta, kaka ta yi kyau ya ƙaro musu injin ban-ruwa.

Da wata ƙungiya ta zo Aliero koyar da masu yi wa baƙi jagora a daji, shi ya fara rubuta suna. Mako biyu ya hana kowa sakat. Malama Rahama mai koyarwa tana nuna hoton tsuntsu, shi yana gyara mata suna. Ta ce to, jarrabawarsa ita ce ya kai su tafkin. Idan ya nuna gauraka ko ɗaya, takardar shaida tasa ce.

Ranar jarrabawar ya sha sabuwar hula, ya wuce gaba. Da suka zagaya tsamiyar da ya sani, sai ya tsaya cak.

Babu tafki. Ƙasa ce ta tsattsage, sai ɗan kwatami a tsakiya, tiyo huɗu a ciki, injuna suna ta ruri. Albasa kore shar har inda ido ya tsaya. Tsoro ya kama shi. Duk da haka ya haɗa hannu a baki ya yi kiran. Ya sake yi. Ko kurciya ba ta tanka ba.

"Baba, injunan ga na wa na?" in ji Malama Rahama, ranta a ɓace.

Ya matsa ya duƙa. A jikin tankin man injin farko akwai jan fenti, rubutun da shi da kansa ya yi a Jega don gudun ɓarayi. Ya duba na biyu, ya duba na uku. Na huɗun bai iya zuwa ba, ya zauna a ƙasa.

"Malama, nau na," ya ce. "Duka ni nis saye su."