Mutumin da Ba Ya Tsallake Hoto

Da hantsi, lokacin da sauran masu shaguna ke wangale ƙofofinsu, Baba Mai Majigi rufe tasa yake yi. Ya ja baƙin labule, ya toshe kafar taga da tsumma, ya sa farar safar hannu. Sannan ya ɗauko gwangwanin fim, kafin ya buɗe ya yi sallama. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya sha jin sallamar ta bango, ya ce ba ita ke tayar masa da tsikar jiki ba, ɗan shirun nan ne da Baba kan yi bayanta, kamar mai sauraron amsa.

Aikinsa ceto finafinan gida na da, siririn zaren nan da faɗinsa bai kai farce ba, wanda iyaye suka ɗauka, 'ya'ya suka tura ƙarƙashin gado. Kayan aikin kuwa sai ka yi dariya. Tsohon majigi ne ya cire wa inji ya maƙala masa hannun keken ɗinki, da ƙwan fitila mara zafi don kada fim ya narke, da kyamarar kasuwa ɗaure da roba, waya ta haɗa ta da kwamfuta. Ya murɗa kaɗan, hoto ɗaya ya tsaya, ya danna. Ya sake murɗawa. Abin da za ka kalla kafin ka shanye kofin ruwa, shi yini guda yake ci masa. A allonsa mutanen da suka daɗe a ƙasa suna ɗaga hannu sannu-sannu, suna buɗe baki babu murya.

"Baba, wai ba ka jin tsoronsu?" in ji tela wata rana.

"Tsoron me? Su kaɗai ne ba sa cewa in yi sauri."

Masu irin wannan aiki kan yanke ƙarshen kowace ɗauka, inda hoto ya karkace ya dushe saboda mai kyamara ya sauke hannu bai saki maɗanni ba. Baba ba ya yankewa. Komai muninsa sai ya tsayar da hoton ya dube shi. An yi masa tsiya a kan haka har an gaji.

Bara wata malamar jinya, da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ta kawo masa gwangwani ɗaya. Uwarta ta rasu tun ba ta yi wayo ba, kuma ko hoto ɗaya nata ba a bari ba, don a gidansu uwar ce mai riƙe kyamara. Kowa ya fito a fim ɗin ban da ita.

"Tun ina yarinya aka taɓa haska mana shi, Baba, ba ta ciki," in ji ta. "Amma ba ni da wani wurin da zan neme ta."

Yana buɗewa warin tsami ya bugi hancinsa. Fim ɗin ya fara ruɓewa, ya lanƙwashe, gefensa yana marmashewa. Ya gaya mata gaskiya: sau ɗaya zai iya bi ta cikin majigi, abin da ya kubce ya tafi ke nan. Ta ce ya yi.

Ya shafe kwanaki yana lallaɓa shi da hantsaki. Ga ɗaki mai kabad da madubi, ga wani mutum yana gyara agogo, ga jaririya tana rarrafe ta kama ƙafar kujera. Can wajen ƙarshe hoto ya karkace, ya zama silin, ya zama gefen kabad. Ya murɗa, ya danna. Sai ga fuskar malamar jinya a allo, dishi-dishi, tana kallonsa ta bayan kafaɗarsa. Ya ɗauka ita ce ta shigo, inuwarta ta faɗa a gilashin.

"Sannu da zuwa, 'yata, ban ji shigowarki ba," ya ce, ya waiwaya.

Babu kowa, ƙofa tana nan a sakate. Da ya maido idonsa fuskar ba ta gusa ba. Shi da kansa ya ce ranar ya ji tsoro. Sai daga baya ya gane madubin kabad ne ya kama mai kyamara, uwar malamar, lokacin da take sauke ta. Ya ci gaba da murɗawa. Hotuna ƙalilan ne, a na ƙarshe ta sunkuyar da ido tana yi wa jaririyar dariya. Yana dannawa fim ɗin ya tsinke ya zube masa a tafin hannu.

Kai ne ka tsaya a wurin da kowa ke wucewa, Baba. Kai ne ka ba idonka ga iyayen wasu har ya fara dushewa, yau likita ya ce ka ajiye aikin. Ba mu taɓa gode maka yadda ya kamata ba, kuma kunyar hakan tana damuna. Mun gode, Allah Ya saka maka da alheri. Ku kuma masu lafiyar ido, kayan nan ba su fi ƙarfin kowa ba, haƙurin ne ake nema. Ku je ku zauna kusa da shi ku koya tun yana iya nuna muku.

Ranar da malamar jinya ta dawo, ya zaunar da ita a kujerarsa ya buɗe mata hoton. Ta matso da fuskarta kusa da allon.

"Ashe yarinya ce," ta ce a hankali. "Ko autata ta girme ta."

Baba ya cire safarsa ya fita, ya ja mata ƙofa, ya zauna a bencin tela. Telan ya tsayar da kekensa. Ta bango suka ji ta gyara murya, ta ce, "Mama, ni ce. Na girma."