Ranar da Mavis Ta Goge Kwabbai

Shekara talatin da ɗaya Horace Tordoff ya yi yana kwandastan bas a Halifax, jakar fata a wuya, yatsu kullum baƙi ƙirin. A wancan zamanin kuɗi na da nauyi. Kwabo goma sha biyu ne sule ɗaya, kuma in mutum ya cika aljihu da canji sai wandonsa ya nemi sauka. Horace ba ya duba kuɗi, da babban yatsa yake gane su. In ya ji tsohon kwabo na zamanin Sarauniya Victoria, mai hoton kanta da gashi ɗaure a ƙeya, sai ya ware shi ya zuba nasa a madadinsa. Bai taɓa cutar kamfani ko da anini ba.

Da aka sauya kuɗi a 1971, aka kawo wasu ƙanana kamar maɓallan riga, Horace ya ce wannan ba kuɗi ba ne. Lokacin ya riga ya cika wani ɗan akwati mai durowa shida, kowane kwabo da raminsa. Ranar Lahadi, bayan an ci gasasshen nama, sai ya zauna da tabarau mai ƙara girma yana duba kan Sarauniya. Abin da ake saye ke nan a wannan sana'a: ko silin gashinta na nan bai shafe ba, da kuma launin ƙasa-ƙasa mai duhu wanda shekara ɗari kaɗai ke sa wa tagulla. Ta gefe yake riƙe su, ko numfashi ba ya yi a kansu.

Matarsa Mavis kuwa, kamar kowace mace a layinsu, ranar Juma'a take goge duk wani ƙarfe na gidan. Macen da mariƙin ƙofarta bai yi ƙyalli ba, ta zama abin hira a shagon burodi. Horace ya sha ce mata kada ta taɓa akwatin, amma bai taɓa gaya mata dalili ba. Laifinsa ke nan.

'Yarsu ɗaya tilo, Glenys, ta yi aure a New Zealand ta haifi tagwaye, kuma ba su taɓa ganin yaran ba. Horace ya yanke shawarar sayar da akwatin su tafi tare. Wani dillalin tsofaffin kuɗi a Leeds, Pickersgill, ya taɓa dubawa ya ce kuɗin akwatin za su kai su su dawo da su. Kafin a kai ga sayarwa aka kwantar da Horace a asibiti kwana goma sha biyu, aka yi masa aiki a ƙugu.

Ranar da ya dawo, ya tarar da kwabbansa a jere kan tebur suna walƙiya kamar sababbin faranti.

"Ga dukiyarka nan, tsoho," in ji Mavis. "Kwana uku na yi a kansu. Ai abin kunya ne ka kai wa mutum kaya da dattin kakanninsa."

Horace ya nemi kujera ya zauna. "Da me kika goge?"

"Da man goge mariƙin ƙofa mana. Masu taurin kai na sa musu burushi."

"Sannu da aiki."

"Iyakar abin da za ka ce ke nan? Ko a asibitin sun haɗa da harshenka sun yanke?"

Ya ce ƙugun ne ke damunsa.

A Leeds, Pickersgill ya ɗaga kwabo ɗaya, ya dube shi, ya ajiye.

"Horace, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Uwargida."

"Sai haƙuri. Kai ma ka sani, gogaggen kwabo gawa ce da kwalliya."

Durowar ƙasa ta daɗe tana maƙalewa, Mavis ta kasa buɗe ta. A ciki akwai sisi da taro na azurfa da hannunta bai kai gare su ba. Su ne suka yi kuɗi. Aka haɗa da ɗan abin da Pickersgill ya ba da a kan sauran don mutunci, ya isa kujerar mutum ɗaya a jirgi.

A cikin bas ya shirya abin da zai faɗa. Da ya isa gida ya ce wa Mavis likita ya hana shi doguwar tafiya, ta je ita kaɗai.

"Kuɗin dai sun isa?"

"Sun isa."

"Ka gani? Da ka kai su da datti, ko rabin wannan ba za ka samu ba."

"Haka ne," in ji Horace.

Ta je ta yi mako shida, ta dawo da hotuna da labarin da ba ya ƙarewa. Har ta rasu, bayan shekara tara, tana gaya wa maƙwabta yadda burushinta ya kai ta New Zealand. Shi kuwa bai taɓa ganin tagwayen ba sai a hoto. Matan layin da suka ji gaskiya daga baya sun ce soyayya ce. Horace ya ce sanin hali ne kawai: da Mavis ta san abin da ta yi, da ko da igiya aka ja ta ba za ta hau jirgin ba, su biyun duka su zauna a Halifax.