Birki a Kwalin Kafireta

Ku zo ku taya ni kallon wani bawan Allah a shagon kayan mota a Dilimi. Dogo ne, da wandon yayi mai buɗaɗɗiyar ƙafa, gumi na bin wuyansa duk da sanyin Jos. Kafireta mai ƙara wa mota wuta a hannun dama, fatar birki a hagu, ya kasa ajiye ko ɗaya.

Daga hirarsa da mai shago na gane ran Asabar zai fara shiga tseren mota a tsohon filin kuza, inda kwanar ƙarshe take bakin kududdufi mai zurfi. Bakanike kuwa abu ɗaya zai iya ɗaura masa kafin ranar.

Abokansa na cikin motarsa Fijo a waje, sai danna hon suke.

"Dalyop, ɗauko mai wutar mana! Birki ai na tsofaffi ne!"

Yana dariya, amma ƙafarsa ta dama sai danne ƙasa take yi, kamar mai neman tsayar da mota. Ina jin akwai mai jiransa a gida.

Can ya tura wa mai shago birkin, murya ƙasa-ƙasa.

"Oga, sa mini shi a kwalin kafiretar."